Aikin yanar ido: wanne za ka zaɓar wa tsohonka?

Idan likita ya tabbatar yana ce ta rufe idon mahaifinka, maganinta aiki ne: a cire 'yar ƙwayar da ke cikin idon wadda ta yi fari, a dasa ta roba a gurbinta. Abin da ya rage maka shi ne irin aikin da inda za a yi shi.

Ni dai zaɓina aikin hannu mai ƙaramin yanka, a asibitin ido mai zaman dindindin, irin Asibitin Ido na ECWA da ke Kano tun 1943, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Yankan milimita 6 zuwa 7 ne, galibi ba a ɗinki, kuɗinsa kuma da sauƙi. Tsofaffinmu ba sa zuwa asibiti sai yanar ta ƙosa ta yi tauri, kuma irin wannan yanar aikin hannu ya fi saurin fitar da ita lafiya. Kafin ranar za a duba hawan jini da sukari, a auna idon da na'ura domin a san ƙarfin ƙwayar da ta dace da shi. Ka tambaya da bakinka ko an yi wannan awon, don shi ke sa mutum ya ga nesa ba sai da tabarau mai kauri ba.

Tsoron da ya fi hana su zuwa shi ne ciwo. Ka gaya wa Baba ba a ciro ido waje, ba a kuma sa shi barci. Allurar kashe zafi ake yi a gefen idon, ita ce kaɗai za ta ɗan yi masa raɗaɗi, daga nan sai haske da motsi kawai zai riƙa ji. Aikin kansa ba ya cika wuce rabin awa. Washegari a cire bandeji, da yawa a nan suke fara gane fuskokin 'ya'yansu, ko da da ɗan hazo. Kwanakin farko zai ji kamar yashi a idon, da hawaye, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Zai ɗiga magani na mako 4 zuwa 6. Banda murza ido, banda kwalli, banda shigar ruwa, a kuma kiyaye ƙurar hunturu da hayaƙin murhu. Batun alwala da sujada a tambayi likita, yakan ce a yi salla a zaune na ɗan lokaci. Amma in ciwo ya ƙaru, ido ya yi jajir, gani ya koma baya, a koma asibiti a ranar, ko da dare ne.

Aikin na'ura da likitoci ke kira fako yankansa ya fi ƙanƙanta kuma ya fi saurin warkewa, sai dai tsada, kuma bayan 'yan makonni ganin kusan ɗaya ne. Aikin kyauta na gangami ya buɗe idon dubban talakawa, Allah ya saka wa masu yinsa, amma ka fara sanin wa zai duba majinyacin bayan sun kwashe kayansu.

Wanda nake roƙonka da Allah ka guje masa shi ne mai yawo ƙauye-ƙauye da jaka, yana cewa zai gyara ido a zaure. Ba ya cire komai. Tsinin ƙarfe yake sokawa ya ture ƙwayar ta faɗa can cikin idon, mutum ya ga haske a take, a yi ta murna, shi kuwa ya karɓi kuɗinsa ya bar garin. Haka aka yi wa kawuna, da muka kai shi asibiti daga baya likita ya ce hawan jinin ido ya riga ya cinye jijiyar, ba abin da aiki zai dawo da shi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na idanun da aka yi wa haka a makance suke. Kuma abin takaici, kuɗin da ake ba su wani lokaci ya isa aikin asibiti.

Haka masu tallar maganin ɗigawa a kasuwa da rediyo da Facebook, wai yana narkar da yana. Babu irin wannan maganin a duniya, ko kwalbar na ɗauke da lambar NAFDAC. Zuma, nono, ruwan albasa, toka, kada ɗaya ya shiga idon. Bayan aikin ma, in maganin da aka rubuta ya ƙare kada a je kemis a ci gaba da saye ba izinin likita, domin wasu daga cikinsu suna tayar da hawan jinin ido idan aka daɗe ana ɗigawa. In kuma gani ya sake dushewa bayan watanni ko shekaru, ba yanar ce ta dawo ba, galibi fatar da ke bayan ƙwayar ce ta yi hazo. Ana buɗe ta da hasken leza cikin 'yan mintuna, ba yanka, sai a ɗauki katin asibitin a koma.