Wata huɗu da ƴar na'urar duba inji a tsohuwar motata

Jama'a bari in faɗi abin da na gani game da ƴar na'urar nan da ake soka wa mota a haɗa ta da waya ta bulutut, irin wadda ake kira ELM327, don an sha tambaya ta ko tana aiki ko dai kayan wasan yara ce. Motata ta hannu ce, samfurin 2004, silinda huɗu, kuma ta sha hanya tun kafin ta zo hannuna. Abin da ya sa na sayi na'urar shi ne rawar da motar ke yi, in na tsaya a sulo sai ka ji sitiyari na karkarwa kamar mai masassara, ga wutar cek injin ta kama ta ƙi mutuwa, ga shan mai ya ƙaru. Gareji na farko aka ce filogi ne aka canza duka huɗun, kwana uku rawa ta dawo, na biyu aka ce a sauke nozul a wanke, aka wanke, shiru kake ji. Na ukun kuwa ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce ai injin ne ya gaji sai an sauke. Nan fa na ce a'a, a dakata.

Haɗa ta ba wuya. Akwai soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod wajen gwiwar direba, shi ake kira OBD2, tun 1996 aka wajabta shi a motocin da ake sayarwa a Amurka, Turai kuma 2001 a masu fetur, 2004 a masu dizal, to in motarka ta girmi haka ka fara leƙawa kafin ka saya. Ka soka, ka murɗa makulli, ka buɗe manhaja, ni Torque nake amfani da ita a Android, shikenan.

Lambar matsala biyu ta fito min a wayar, P0302 da P0171. Ta farko na nufin silinda ta biyu ba ta ƙona mai yadda ya kamata, ta biyun kuma iska ta yi wa mai yawa. To a nan ne mutane ke yin kuskure, don na'urar ba ta ce maka ga abin da ya lalace je ka saya, inda ciwon yake kawai take nunawa. Silinda ta biyu tana fashi, to me ya jawo? Zai iya zama filogi, ko koyil mai ba filogi wuta, ko nozul, ko ma kwamfureshin ya yi ƙasa. Abin da na yi kawai na cire koyil na biyu na musanya shi da na uku, na goge lambar, na ɗan zaga na dawo, sai ga ta ta koma P0303, ta silinda ta uku kenan, wato ciwon ya bi koyil ya koma gidan maƙwabci. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai, koyil ɗaya tal, kuma a kansa ake cewa a sauke inji.

P0171 ce ta fi ba ni wahala, kuma a nan ne na yarda abin ya biya kuɗinsa. Manhajar tana nuna wani ma'auni da ta rubuta LTFT, wato yawan man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa don ya daidaita da iskar da ke shiga, mota mai lafiya kusa da sifili take zama, in ya haura kashi 10 cikin ɗari akwai magana. Tawa a sulo 18 take nunawa amma ina taka totur juyin inji ya kai 2500 a minti sai ya faɗo wajen 4, kuma wannan alama ce ta iska tana satar hanya, don a sulo iskar da inji ke ja kaɗan ce, ƴar ƙaramar ɓula ma sai ta rikita lissafi, da famfon mai ne ya yi sanyi ai da an taka ne abin zai fi muni. Na bi tiyo-tiyo da hannu ɗaya bayan ɗaya sai ga wani ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, robar ta bushe ƙamas. Aka canza, cikin kwana biyu uku ma'aunin ya sauko.

Amma fa kar in yi ta zuba yabo. Na'urar tawa ta kwaikwayo ce kamar yawancin masu arahar nan, wani lokacin sai ta yanke ana tsaka da aiki sai na zare na mayar. Ba ta ganin matsalar ABS ko ta eyabag, inji kawai ta sani. Sannan soket ɗin yana da wuta ko mota a kashe take, na taɓa mance ta a jiki na yi tafiya ta fi sati na dawo batir ya yi sanyi, laifina ne wannan.

Wani amfanin da ban zata ba, na raka abokina duba motar da zai saya, babu wuta a dashbod babu lamba ko ɗaya, amma shafin gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta duk ya nuna ba a kammala ba, wato ba a daɗe da goge lambobin ba ko an cire kan batir. Muka ce mai ita ya bari mu ɗan yi tafiya mai nisa da ita mu ga ko lambobin za su dawo, ya ƙi, muka kama gabanmu.

Abin da ya rage min yanzu shi ne hayaƙi shuɗi da salansa ke fitarwa da safe in na tayar, ga baƙin mai yana raguwa a hankali, na'urar kuwa cewa take komai lafiya lau, don ita abin da sensa ba ta gani ba babu shi. Ina zargin robobin bawul ne tunda da inji ya ɗau zafi hayaƙin ke ɗaukewa, amma zai iya zama ringi, ranar Asabar dai zan kai a auna kwamfureshin da geji kafin in yarda wani ya kwance min ko noti ɗaya.