Babbar laftof ko mai sauƙin kuɗi? Ga wadda zan saya da ni ne kai

Wa'alaikumus salam, ƙanina. Ka tambaye ni wace laftof za ka saya, babbar mai ƙarfi ko mai sauƙin kuɗi. Tunda aji biyu kake a KASU, Jami'ar Jihar Kaduna, kana karatun kwamfuta, to ka manta da babbar nan mai fitilu ja da kore da ka ce ta tsole maka ido. Mai sauƙin kuɗi za ka saya. Sai dai sauƙin kuɗin iri biyu ne, kuma ɗaya asara ce tsagwaronta, zan zo kanta.

Wadda nake buga maka wannan amsar da ita ThinkPad T480 ce, tokumbo, ƙirar 2018, baƙa wuluk, ba ta da wani fasali. Ranar da na kawo ta gida, uwargida ta juya ta gaba da baya ta ce, "Yanzu a kan wannan ka yi wata uku kana hana mu cin nama?" Firosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, Core i5 ce zubi na 8 (zubi shi ne jerin ƙirar firosesa, mai babbar lamba ya fi sabunta), ta zo da RAM 8GB, wato ma'ajin wucin gadi da take aiki a kansa, daga baya na ƙara mata wani 8 ɗin da hannuna, domin gurbin RAM biyu gare ta, kuma kwance 'yan kusoshi kawai ke tsakaninka da su. Ɗan shagon buga takardu da katin biki nake da shi a Tudun Wada, da ita nake CorelDRAW da lissafin shago da duk wani aikin da ya faɗo.

Akwai wani dare bayan ƙaramar salla da ba na mantawa. Ka san yadda ɗaurin aure ke yin layi a wannan lokacin. Wani bawan Allah ya kawo aikin kati da kalanda da la'asar, ya ce da asuba za a wuce da su Zariya. Ko juya baya bai yi ba aka ɗauke wuta, janareto kuwa ɗan man da ya rage a ciki na ajiye shi ne don firinta. Haka na zauna a duhu, fitilar waya a jingine da kofin shayi, sauro na ta bikinsu. T480 batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a ƙasa wanda ake zarewa. Da na ƙasan ya ƙare sai na zare shi na maƙala wani da nake ajiye da shi a durowa, kwamfutar ko ƙiftawa ba ta yi ba, na cikin ya riƙe ta har na gama canji. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na kammala zane, sannan na tada janareto na buga. Mai aikin ya zo bayan sallar asuba ya tarar da kayansa a ɗaure. Tun daga ranar na daina jin haushin muninta. Ko da ƙaramin ɗana ya kifar mata da shayi a kan kibod, kashe ta kawai na yi na kife ta kwana biyu, ta tashi garau, sai dai harafin K da har yau yake ɗan maƙalewa in gari ya yi sanyi.

Babbar kuwa, na taɓa saye kafin wannan, ba sai na kama sunan kamfanin ba. Gudu kam tana da shi, wannan ba zan ci haƙƙinta ba. Amma caja kamar bulo, fanka kamar injin markaɗe, batir kuwa bai taɓa kai ni daga tashar Rigasa zuwa Idu a jirgin ƙasa ba. Na sayar da ita da faɗuwa kafin ta shekara.

Ba wai lalatacciya aka ba ni ba, haka ƙirarsu take. Ka duba harafin da ke ƙarshen lambar firosesa. Mai U, irin i5-8250U, an ƙera ta ne a kan wat 15. Mai H, wadda ke cikin manyan, a kan wat 45, ga kuma katin zane, wato na'urar sarrafa hoto da bidiyo, a gefe yana shan nasa, wani lokaci ma fiye da na firosesar. Shi ya sa cajar tawa wat 65 ce, tasu kuwa daga 150 har 230 ake samu. A garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Tawa da USB-C take caji, fawa bank mai ba da wat 65 zai ɗauke ta, ƙaramar sola ma ba za ta ji ta ba. Waccan in ka jona ta a ƙaramar inbata kana aiki mai nauyi, sai ka zaɓa, ko ita ko fankar ɗaki. Kuma da zarar ka zare caja, yawancinsu rage gudu suke yi don batir ya ɗan jure, ka ga ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ba ya tare da kai a aji. Sai kuma hunturu. Na'urar da ke zuƙar iska da fanka biyu, ƙurar Disamba take zuƙa, in ba ka kai ta an buɗe an share ba zafi ya yi ta cin ta a hankali.

To wa ya kamata ya sayi babbar? Ɗan zanen gine-gine a KadPoly da ke fama da manhajojin zane irin Revit da Lumion, ko mai Blender, ko mai tace bidiyon 4K yana cin abinci da shi. Shi dole ne ya nemi mai katin zane na RTX, kuma in zai saya gara ya haura RTX 3050 mai 4GB zuwa 3060 mai 6GB ko 4060 mai 8GB. Kai ba ka cikinsu. Python da Java da zanen shafin intanet ba ruwansu da katin zane. Android Studio ne mayunwaci, shi ma RAM yake ci, 16GB ta ishe shi. In ma ka kai ga darasin ƙirƙirarriyar basira, Google Colab na ba da aron katin zane kyauta ta intanet, data kawai za ka tanada. In kuma gaskiyar maganar ita ce wasan ƙwallo kake son bugawa da abokai a hostel, to ka faɗa wa Abba hakan kai tsaye, kada ka laɓe a bayan karatu.

Yanzu ga mai arhar da nake ce maka asara ce: sabuwa dal a kwali, siririya, mai sheƙi, mai ƙaramar firosesa Celeron, RAM 4GB, ma'aji 64GB na eMMC. Kuɗinta kan zo kusa da na tokumbo mai kyau, shi ya sa iyaye ke faɗawa, su a ganinsu sabo ya fi tsoho. A yawancin irinta RAM ɗin a like yake da allon ciki, ba ya ƙaruwa har abada. Windows kaɗai zai cinye kaso mai tsoka na 64 ɗin nan, ka buɗe Chrome da shafi shida da Word ta fara nishi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka duk wadda ta zo da tsohon had dis mai juyawa: shi da ƙyar yake haura megabait 100 a daƙiƙa, SSD na gama-gari kuwa, wato ma'ajin zamani da ba ya juyawa, yana kai wajen 500. Bambancin tun daga kunnawa za ka gan shi.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa, domin a nan ake yi wa ɗalibai sakiyar da ba ruwa. Akwai masu tsoron Allah a cikin masu sayar da kwamfuta a garin nan, da yawa ma, amma akwai waɗanda da sun ga baƙon fuska da sabuwar jaka sun samu nama. Abu na farko da za a ɗaga maka shi ne, "Ai wannan Core i7 ce, Alhaji." Ka ce zubi na nawa? Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ke faɗa (daga zubi na 10 zuwa sama, lambobi biyu na farko): i7-4600U zubi na 4 ce, ta 2013, kawuna biyu gare ta. i5-8250U kuwa ta 2017 ce, kawuna huɗu, kamar leburori huɗu ne a kan aikin da can mutum biyu ke yi. Wato i5 ɗin ta dame i7 ɗin ta shanye. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Sannan Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, shi kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 yake farawa, sai 'yan tsirarun da aka keɓe. EliteBook 840 G3 da ta cika shaguna zubi na 6 ce. In ka gan ta da Windows 11, ta bayan gida aka shigar mata. Ita kanta T480 akwai masu zubi na 7 a cikinsu, don haka sunan kaɗai bai isa ba.

Kada ka yarda da sitika, sitika ana sayar da ita. Kada ma ka yarda da abin da shafin bayanin Windows ya nuna, ana iya sauya rubutun. Ka sa a kashe ta a kunna a shiga BIOS a gabanka, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ko ka tafi da manhajar CPU-Z mai nuna kayan cikin kwamfuta a filas ɗinka. In aka ce BIOS ɗin na da lambar sirri kuma "ba matsala ba ce", ka ajiye musu kayansu ka yi gaba. Haka in ta jona intanet ta fara neman ka shiga da asusun wani kamfani na Ingila ko Amurka, ba a sake ta daga hannun masu ita ba ke nan.

Batir kuma kowa "awa shida" zai ce maka. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da takarda mai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa yanzu. In abin da ya rage bai fi rabi ba, ko a canza batir ko a rage kuɗi. Ka duba yawan ɗigon hoton allon, 1920 da 1080 kake so, domin akwai masu 1366 da 768 a irin gangar jikin, kuma mai rubuta manhaja idonsa ne jarinsa. Ka buɗe farin shafi ka nemi tabo, ka danna kowane harafi a Notepad, ka gwada duk ramukan USB da kyamara, ka buɗe murfi ka rufe ka ji ko maɗaurin yana ƙara. Ka zare caja ka bar bidiyo yana tafiya rabin awa kana zaune. Mai gaskiya kujera zai miƙo maka. Wanda ya fara cewa "akwai wanda ke zuwa ɗauka yanzu-yanzu", ka bar wa wancan ɗin.

Masu tallar Facebook da Instagram da ke cewa ka tura rabin kuɗi a ɗoro maka a mota daga Legas, ko sisi. Wanda kuma ya tare ka da "ta ƙanina ce, kuɗin asibiti muke nema", ba caja ba rasit, a rabin farashi, ka tuna in ta sata ce a hannunka za a same ta. Rasit dole ne, mai sunan shago da lambar jikin kwamfutar, da kwanakin gwaji a rubuce, ko da mako guda ne.

Ban faɗi farashi ba da gangan, domin dala ke juya shi, na wannan makon ba shi ne na makon gobe ba. Ka taka shago uku a kan Ahmadu Bello Way ka ji bakinsu kafin ka ciro ko kwabo. Abin da za ka nema: T480, ko Latitude 7490, ko EliteBook 840 G5, i5 zubi na 8 ko sama, RAM 16GB, SSD 256GB, in da hali 512. Canjin da ya rage ka sayi caja ta asali da fawa bank da jaka mai kauri, saboda cunkoson Keke Napep. In ka samu wadda ta kwanta maka, ɗauki hoton takardar batirin da na BIOS ka turo min kafin ka biya, in Allah ya yarda zan duba maka ko ina tsakiyar aiki.