Ɗakin gwajin da na kai shuwakata

Ruwan shuwaka da na zogale na kai wani ɗakin gwaji a Unguwar Rimi, domin aikin digirina na biyu. So nake a duba ko akwai sinadarin da zai kunna PPAR-gamma, furotin ɗin nan da ke cikin cibiyar ƙwayar halitta, wanda in aka kunna shi, jiki ya fi jin insulin, sinadarin da ke rage suga a jini. Wannan furotin ne pioglitazone, wani maganin ciwon suga, ke taɓawa.

Matar da ta karɓe ni ta san aikinta. Ta zaunar da ni gaban kwamfuta, tana juya hoton furotin ɗin, tana nuna mini ramin da sinadari ke shiga kamar mabuɗi cikin kwaɗo. Ta ce, "Malam, wannan hasashen kwamfuta ne kawai, sai an gwada a ƙwayoyin halitta tukuna." Wannan gaskiyar ta burge ni.

Inda suka gaza: sati biyu suka ce, sai da na yi biyar ina sintiri, wai injin wuta ya lalace. Waya ma ba sa ɗauka.

Kawuna mai ciwon suga har ya fara tambayar yaushe zai ajiye maganinsa na metformin. Na ce Kawu, kar ka soma.