Ƙwaya ko pipet, wanne ya fi ga mage mai tsutsar ciki?

Hajiya barka da warhaka, ya zafin Garwa? Na ga tambayarki. Kince magen gidanki ta haihu 'ya'yan sun kusa wata guda, kina ganin wasu farare farare kamar ƙwayar shinkafa manne a gashin ƙarƙashin wutsiyarta har kan tabarmar da take kwana, kin ɗura mata Helmintox na yara abin bai daina ba, da kika je shagon maganin dabbobi kuma aka nuna miki kala biyu, ƙwayar da ake haɗiya da pipet ɗin da ake ɗigawa a ƙeya, shine kike son sanin wanne ya fi.

Toh da farko dai siro ɗin da kika bata ba jabu bane, aikinsa ne bai kai nan ba. Abinda ke cikin Helmintox pyrantel ne, shi kuma macijin ciki yake kashewa, wato dogayen nan masu kama da taliya da mage ke amayarwa, da kuma ƙananan masu ƙugiya da ke maƙalewa a hanji suna shan jini. Wannan farare da kike gani kuwa gaɓoɓin tsila ne, ita uwar tana can cikin hanji tana ta sako su ɗaya bayan ɗaya, in kika lura da sabon fitowa ma zaki ga yana ɗan miƙewa yana takurewa kafin ya bushe ya koma rawaya rawaya. Tsila bata jin pyrantel ko kwalba guda zaki ɗura, maganinta praziquantel. Dan haka ko ƙwaya ko pipet, ki juya bayan kwalin ki nemi sunan nan, in babu shi toh kuɗinki kawai zaki zubar.

Ƙwaya tukuna. Waɗanda aka fi sani Drontal na mage da Milbemax, dukansu haɗi ne, praziquantel da wani maganin macijin ciki a ƙwaya ɗaya. Drontal ƙwaya ɗaya na mage mai kilo 4 ce, amma ba a ba mai ciki. Milbemax ta manya rabi ake ba mai kilo 2 zuwa 4, guda ga mai kilo 4 zuwa 8, akwai kuma ƙarama ta 'yan yara daban, ita ana ba mai ciki da mai shayarwa. Magunan gidajenmu dai ba wasu masu ƙiba bane, dan haka kar ki yi kirdado da ido, ki sa ta a buhu ki rataya a sikelin mai nama ko ki hau sikeli da ita a hannu sannan ki hau ke kaɗai ki cire. Daɗin ƙwaya ta fi araha, ta fi sauƙin samu, kuma in ta wuce maƙogwaro kin san ta shiga, babu wani ƙila wa ƙala.

Matsalar ita ce wucewar. Praziquantel ɗaci gareshi sosai, mage kuma ba kare bace da zaki cusa masa a tsoka ya haɗiye yana kaɗa wutsiya, ita sai ta cinye kifin tas ta bar miki ƙwayar a gefen kwano, wata ma ta riƙe a kumatu sai kin juya baya ta tofar. Yadda nake yi, in naɗe ta da zani tun daga wuya har ƙafafu kai kawai a waje, wani ya riƙe, in ɗaga kan sama har haɓa ta ɗan saki, in jefa ƙwayar can ƙarshen harshe, in rufe bakin ina shafa maƙogwaro. In ta fito da harshe ta lashi hanci toh ta haɗiye. Sai ki bi da ɗan ruwa a sirinji ta gefen baki kar ta tsaya a hanya. In kinga kumfa na fita kar hankalinki ya tashi, ɗacin ne. Amma fa muzurun da baya yarda a taɓa shi, wanda sai dare yake dirowa ta katanga, wallahi kar ki gwada, cizon mage yana shiga can ciki kuma yana saurin yin ruwa, ga maganar ciwon haukan kare in ba a taɓa yi masa allura ba.

Nan ne pipet ya yi wa ƙwaya fintinkau, ba kokawa, ki buɗe gashin ƙeya da yatsu har ki ga fata, ki matse ruwan a kan fatar ba kan gashi ba, daidai inda harshenta baya kaiwa, shikenan. Sai dai pipet ba iri ɗaya bane kuma nan mutane ke shan kashi a shago dan duk ɗan roba ne mai kama da juna. Frontline ƙuma da kaska yake kashewa, baya taɓa tsutsar ciki ko kaɗan. Stronghold yana kashe ƙuma da ƙwarin kunne da macijin ciki da masu ƙugiya amma tsila tana nan daram. Profender yana kashe tsila da sauran tsutsotsin amma ƙuma ko a jikinta. Akwai masu haɗa duka irinsu Broadline da NexGard Combo, sai dai tsada, kuma ba kowane shago ke ajiyewa ba. Ga kuma shekaru, Profender sai ɗan mage ya kai sati 8, Stronghold sati 6. Bayan an ɗiga kar yara su shafa ta har sai wurin ya bushe, in maguna biyu ne a raba su kar su lashi juna su yi ta dalala, Profender ɗin ma a takardarsa an ce mai juna biyu kar ta taɓa da hannu ba safa.

Abinda ke sa ni ɗari ɗari da pipet a garin nan zafi ne. A Maris da Afrilu muna haura digiri 40, pipet ɗin da ya wuni a tebur cikin rana a kasuwa ko a shagon kwano ni bazan sa kuɗina mai yawa a kai ba. In zaki saya ki saya a farmasin dabbobi na gaske, cikin kwalinsa, ki duba ranar ƙarewa, ki tabbata hoton mage ne a jiki ba na kare ba. Wannan ba wasa bane, wasu pipet na kare suna da permethrin, shi kuma guba ne ga mage, rawar jiki da farfaɗiya har mutuwa.

Yanzu ga abinda ni nake ganin ya fi zaɓin ƙwaya ko pipet muhimmanci. Tsila ta hanya biyu take shiga, ko mage ta haɗiye ƙuma wajen lasar jiki, ko ta ci ɓera. Ƙwaya kuma ba rigakafi bace, abinda ta tarar a ciki ranar shi take kashewa, washegari ta gama aikinta. In magen ta sake haɗiye ƙuma ɗaya mai ɗauke da cutar, cikin sati 2 zuwa 3 zaki sake ganin farare a wutsiya ki ce mai shago ya cuce ki alhali ba laifinsa. Ki kwantar da ita a kan farin tsumma ki taje gashin kusa da gindin wutsiya, in baƙaƙen ɗigo suka zubo ki ɗiga musu ruwa, in suka koma ja ja toh kashin ƙuma ne, jini ne busasshe. Kuma waɗanda ke jikinta su ne kaɗan, mafi yawa ƙwai ne da 'yan tsutsotsi a tsumman da ta haihu a kai, ƙarƙashin gado, lungun buhunan gero. Tsumman nan a ƙone shi ko a wanke da tafasasshen ruwa, tabarma a kaɗe a shanya a rana, a share lungu lungu akai akai.

Dan haka in ni ce a gidanki, uwar Milbemax zan bata tunda tana shayarwa, in haɗa da Stronghold a ƙeya kowane wata saboda ƙuma, amma ki nuna wa likitan dabbobi ya tsara miki tazarar da ke tsakani tunda dangin magani ɗaya ne a cikinsu. In kuɗi bai kai ba ƙwaya da Frontline ma sun wadatar. In ta ƙi ƙwaya ƙememe sannan a koma Profender. Tunda kuma dan ɓera aka ajiye ta ba zaki hana ta farauta ba, sai dai ki riƙa maimaitawa duk wata 3 a ƙalla, ni nakan haɗa da farkon damina da ƙarshenta da tsakiyar hunturu da bazara dan kar in manta.

'Ya'yan kuwa basu kai ƙwayoyin nan ba, sai sati 6. Su damuwarsu macijin ciki ne dan ta nonon uwa yake shigarsu, shi yasa zaki ga ɗan mage ciki tulele haƙarƙari a waje gashi a hargitse. Ana fara musu tun sati 3 da na ruwa, pyrantel ko Panacur, a maimaita duk sati 2 har bayan yaye, daga nan wata wata har su kai wata 6. Awon nasu kaɗan ne ƙwarai, ki bar likita ya auna miki a sirinji, akwai likitocin a ofishin MINEPIA, wato ma'aikatar kiwo ta Kamaru, da kuma masu zaman kansu. Ki ɗaga leɓen kowanne ki duba dasashi, in fari fat ne maimakon ja ja toh jini ya ƙare tsakanin ƙuma da masu ƙugiya, wannan ba na jiran ranar kasuwa bane.

Nasan za a samu maƙwabcin da zai ce ai ga bolus ɗin albendazole, ƙatuwar ƙwayar tsutsa ta shanu, a gutsura mata, ko a yi mata allurar ivermectin ta tumaki. Dan Allah a'a. Albendazole yana iya taɓa ɓargon mage ya hana shi yin jini, ga mai ciki kuma yana lalata 'ya'ya, ivermectin ɗin shanu ɗigo kaɗan ya wuce ƙima ɗan mage ya kama tangaɗi ya makance, kuma duk da haka baya kashe tsila. Haka praziquantel ɗin tsargiya da ake rabawa yara a makaranta, maganin ɗaya ne amma ƙwayar miligiram 600 ce, mage mai kilo 3 miligiram 15 take buƙata, kashi ɗaya cikin 40 kenan, wa zai iya yanka wannan da reza? Paracetamol kuwa ko rabi yana kashe mage.

Sai batun yara. Ƙwan macijin ciki yana fita a kashi, bayan 'yan makonni a ƙasa yake zama mai kama mutum kuma yana daɗewa bai mutu ba, mage kuma ba inda take so irin tulin yashin gini a tsakar gida, daidai inda yara ke zama suna wasa suna kai hannu baki. Ki rufe yashin da leda ko tsohon kwano, ki ware mata wani tsohon daro da yashi a lungu, a kwashe kullum a binne, mai ciki kuma ta bar wa wani kwasar saboda toxoplasma, wata ƙwayar cuta da ke fita a kashin mage mai iya cutar da ɗan da ke ciki, wadda duk magungunan nan basa kashewa.

Kayan cikin kifi ɗanye ma a daina jefa mata in an siyo daga kogin Binuwai, a dafa ko a binne. 'Yan uwanmu na Kuseri da Yagwa da Njamena su ma su ji, a Chadi tun 2012 ake samun kurkunu a jikin karnuka a garuruwan bakin kogin Shari, har da maguna, kuma ana danganta shi da cin ɗanyen kayan cikin kifi. Shi babu ƙwaya ko pipet da ke maganinsa, in aka ga farin zare na fitowa daga ƙafar dabba a ɗaure ta kar ta shiga ruwa, a sanar da ma'aikatan lafiya.