Shekara uku da bishiyar kiref matil a lambuna

Shekara uku ke nan da na sayi dashen kiref matil guda biyu, bishiyar adon nan da masana tsirrai ke kira Lagerstroemia. Daɗewar furenta ce ta ja ni. A ƙasar Sin, ɗaya daga cikin wuraren da ta fito, suna da wani suna da suke kiranta mai ma'anar "jan kwana ɗari", kuma ba su yi ƙari ba. Tawa takan kama fure da shigowar zafi, ta yi wata uku tana yi, wannan gungu na zubewa wani na buɗewa. Furen kansa a tattare yake, siriri, kamar an yamutsa takarda mai laushi. Da safe sai ka tarar ya rufe gindin bishiyar.

Ɗaya daga cikin dashen ya zo da suna a rataye, Natchez, mai farin fure. Ɗayan kuwa mai ruwan hoda ne, ba suna, mai sayarwa ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A shekarar farko ganyen mai ruwan hodar ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka, sabon tohon ya nannaɗe, furen da ya ɗauko ya ƙi buɗewa. Wata fumfuna ce da ke addabar tsohon irin. Natchez na nan taku kaɗan daga gare shi, ko ganye ɗaya bai kamu ba. Daga baya na san dalili: a 1956 aka kai wani ɗan'uwan bishiyar daga tsibirin Yakushima na Japan zuwa Amurka, wani masanin tsirrai mai suna Donald Egolf ya yi auren irin biyu a gandun itatuwa na ƙasa da ke Washington, aka samu irin da cutar ba ta cika kamawa ba. Natchez na cikinsu, haka Muskogee da Tuscarora. Duk mai son saye ya nemi mai suna, ko da zai fi tsada.

Wurin da aka dasa shi ma ya taimaka wa cutar. Mai ruwan hodar yana jikin katanga ne, rana ba ta samunsa sai da hantsi, iska ba ta ratsa shi. Bishiyar nan tana son rana aƙalla awa 6 a yini. Da sanyi ya shigo ta zubar da ganye, na tone ta da ƙasarta na mayar da ita fili, a shekara ta biyu ta yi furen da ya ninka na baya.

Ban ruwa bai wahalar da ni ba. Shekarar farko ce ake dagewa, sau biyu a mako, a jiƙa ƙasa sosai. Da saiwa ta kama, tana jure fari. Taki kaɗan ya isa. Idan ya yi yawa ganye za ta yi ta fitarwa, fure ya ja baya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shawarar da kowa ke bayarwa, wai a fille mata kai duk shekara don ta yi fure. Na ga waɗanda aka yi wa haka: kututture mai ƙulu-ƙulu, da siraran rassa da ke lanƙwashewa ƙasa da zarar ruwan sama ya jiƙa furen. Tausayi suke ba ni. Gaskiya ne a sabon reshe take fure, amma ko ba a taɓa ta ba tana fitar da sabon reshen da kanta. Ni abin da nake yi a ƙarshen sanyi shi ne cire busasshen reshe, da wanda ya gitta yana gugar ɗan'uwansa, da 'ya'yan da ke tsirowa daga gindi. Na bar mata sanda uku. Sakamakon shi ne ɓawon ya fara saɓulewa da kansa, jikin ya fito sumul, launin kirfa da toka-toka. Ko ba ganye ba fure, nakan tsaya in shafa shi.

Tana da aibinta. Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, na sonta, kuma zumar da take bari takan jawo baƙin datti a ganye. Ina wanke ta da ruwan tiyo mai ƙarfi da sassafe. 'Ya'yan gindin ba sa daina fitowa. Sannan mai sayarwa bai gaya mini Natchez na iya kai mita 9 ba, ga shi na dasa ta kusa da taga. Mai ƙaramin fili ya nemi gajeren iri kamar Pocomoke, wanda ko a babban kasko yana zama.

Zan ƙara saye. Na riga na ware wuri a tsakiyar lambun, inda rana ke wuni, don Tuscarora guda ɗaya.