Player's Handbook na 2024: har yanzu mai tsayawa kan aji ɗaya ne ke kwana ciki

Dalili ɗaya ya sa na sayi sabon littafin 'yan wasa na Dungeons & Dragons, wasan labari da dayis da ake bugawa a kan tebur, da ya fito a Satumban 2024: in ga ko an yi maganin lasar aji (aji shi ne sana'ar jarumin da kake wasa da shi, kamar Mayaƙi ko Wizad). Duk wanda ya buga wasan da dokokin 2014 ya san cutar. Mutum zai lashi mataki ɗaya ko biyu a wani aji, ya kwashe abin da ya fi maiƙo, ya koma nasa, sai ka ga ya fi wanda ya yi haƙuri a kan aji ɗaya komai da komai.

Karatun farko ya faranta mini rai, ba zan ɓoye ba. Azuzuwa 12 ɗin duk sai a mataki na 3 suke zaɓar reshe, wato fannin da mutum zai ƙware a cikin ajinsa, yanzu, saɓanin da can da Kilarik, Sosara da Walok ke samun nasu tun matakin farko. Action Surge na Mayaƙi, mai ba shi ƙarin motsi a zagaye, ba ya aiki wajen jefa sihiri, don haka Wizad ɗin da ke lasar Mayaƙi mataki biyu don ya sako Fireball sau biyu a zagaye ɗaya, kasuwarsa ta watse. Divine Smite, mai ƙara wa saran Faladin ɓarna, ya koma sihiri mai cin ƙaramin motsi (Bonus Action), sau ɗaya ke nan a zagaye, ba a kowane sara ba. Wannan ya karya lagon tsohon haɗin nan na Faladin mataki biyu da Sosara a sauran. Reliable Talent na Rog, mai hana shi mugun jifan dayis a abin da ya ƙware, ya sauko daga mataki na 11 zuwa na 7, lada na gaske ga wanda ya tsaya. A nan na so in ba littafin taurari biyar.

Sai na iso babin Walok.

Walok yana samun Eldritch Invocation ɗaya, wato wani iko da yake zaɓa daga jeri, tun matakin farko, kuma Pact of the Blade na cikin jerin, ba tare da sharaɗin mataki ba. Abin da yake yi shi ne ya ba ka damar amfani da makin kwarjini maimakon ƙarfi ko zafin nama, wajen kai sara da wajen ɓarnar da saran zai yi. Ainihin abin da ya sa aka yi ta kuka da Hexblade, wani reshen Walok, ke nan tun 2017. An cire reshen daga matakin farko, an bar tsokar a inda take, har ma an sauƙaƙa, domin yanzu kowane Walok na iya ɗauka.

Ga lissafin da maki 27 da ake ba ɗan wasa ya sayi sifofin jaruminsa. Faladin zalla yana buƙatar ƙarfi, kwarjini da juriya. Ya sayi 15 a ƙarfi da 15 a kwarjini, maki 18 sun tafi. Da ƙarin da asalinsa (background, wato rayuwarsa ta baya) ya ba shi sai ya fara da ƙarfi 17, kwarjini 16. A mataki na 4 ya ɗauki baiwa (feat) mai ƙara ɗaya, ƙarfi ya zama 18. A na 8 ya kai 20. Kwarjini na nan a 16 bai motsa ba, don haka Aura of Protection da ya samu a mataki na 6 yana ƙara wa abokan da ke cikin ƙafa 10 da shi +3 ne kawai a jifan tsira, wato jifan dayis na kauce wa sihiri ko wani haɗari.

Mai lasa kuwa ƙarfi 13 ya ishe shi, maki 5 kacal, domin shi ne sharaɗin haɗa aji, shi ne kuma sharaɗin riƙe manyan makamai da sa sulken sarƙa. Kwarjini ya fara a 17, ya zama 18, ya zama 20 a lokacin da yake Faladin 8 da Walok 1. Saransa +5, daidai da na ɗan uwansa. Kariyar da yake ba abokai +5, sihirinsa ya fi wuyar kaucewa da maki biyu. A kan haka ga Eldritch Blast, 1d10 (dayis ɗaya mai fuska goma) daga nisan ƙafa 120, harbi biyu tun mataki na 5 domin ƙananan sihirai da jimillar mataki suke girma, alhali rashin makamin nesa shi ne babban raunin Faladin tun fil azal. Ga kuma gurbin sihiri guda, wato damar jefa sihiri sau ɗaya, da ke dawowa bayan gajeren hutu. Duk wannan a kan jinkirin mataki ɗaya. An ce ba a tauna taura biyu, amma wannan littafin ya yarje wa mai kwarjini ya tauna, ya haɗa da ta uku.

Ba wai babu inda abin ke cizo ba. Dole ka fara da Faladin, domin wanda ya shigo ajin daga baya ba ya samun horon sulke mai nauyi. In ka lashi Walok a mataki na 2, sara na biyu zai jira zuwa na 6, kariyar abokai zuwa na 7, kuma mataki na 5 zai yi maka ɗaci yayin da Mayaƙin da ke gefenka ke sara biyu kai kana ɗaya. In ka ce bari ka jira ka wuce na 6 tukuna, to ka yi matakai shida kana sara da +1. Sulken faranti mai kariya 18 yana son ƙarfi 15, in ba haka ba tafiyarka ta ragu da ƙafa 10. Baiwar Great Weapon Master kuma ƙarfi take ƙarawa, wanda ba ka amfani da shi, don haka ɗayan ya tafi a banza. Sannan kiran makamin yana cin ƙaramin motsi, wanda Smite ma yake so, sai dai maganin wannan mai sauƙi ne: a kira takobin tun da safe a rataye shi, tunda ba ya ɓacewa sai ya yi minti ɗaya nesa da mai shi fiye da ƙafa biyar. Duk waɗannan ƙaiƙayi ne, ba ciwo ba. Babu wanda zai fasa saboda su.

Kilarik ma bai tsira ba. Divine Order na matakin farko, in ka zaɓi Protector, yana ba da horon sulke mai nauyi da makaman yaƙi. Wizad mai hikima 13 ya lasa sau ɗaya, ya fito sanye da ƙarfe da garkuwa, ga sihirin Shield mai ƙara biyar a kai. Amma a nan aƙalla akwai farashi na gaske, kuma shi ne wurin da sababbin 'yan wasa suka fi faɗawa. Guraben sihiri haɗa su ake yi, jerin sihiran da za ka iya shiryawa kuwa kowane aji nasa daban. Wizad 4 da Kilarik 1 yana da gurabe biyu na daraja ta uku, amma ba shi da Fireball. Abin da zai iya shi ne ya ɗaga Burning Hands zuwa 5d6, matsakaicin ɓarna 17.5, yayin da Wizad zalla ke zuba 8d6, wato 28, daga nesa kuma a fili mai faɗi. Wannan gibin na maimaituwa a kowane mataki mara (7, 9, 11), har zuwa na 17. Ga masu sihiri cikakku, tsayawa wuri ɗaya na da riba. Me ya hana a yi wa Faladin irin wannan adalcin?

Hanyar da littafin ya buɗe wa mai son ya iya abubuwa da yawa ba tare da ya bar ajinsa ba ita ce baiwar asali, kuma tunanin ya yi. Magic Initiate na ba da ƙananan sihirai biyu da sihiri ɗaya na daraja ta farko, Skilled na ba da ƙwarewa uku. Sai dai an ɗaure kowace baiwa da asali, an ɗaure asalin da sifofi uku. Mayaƙin da ke son sihirin Shield sai ya ɗauki Sage, shi kuma Sage juriya, basira da hikima yake ƙarawa, babu ƙarfi babu zafin nama. Ko dai ya fara da sara mai rauni, ko ya zama ɗan Adam don ya sami baiwar asali ta biyu. Wato hanyar da aka halatta ta fi ta lasa tsada.

Taurari uku nake ba shi, kuma na ukun ma saboda gyaran Smite ne. In kai ke jan ragamar wasa, sa wa Pact of the Blade sharaɗin Walok mataki 3 ga duk mai haɗa aji, ka faɗa tun zaman farko kafin kowa ya cike takardarsa. Ka kuma duba shafin Ranja kafin ka ba wani shawarar ya tsaya a kansa har ƙarshe: ladan wanda ya yi matakai 20 bai waiwaya ba shi ne dayis ɗin Hunter's Mark, sihirinsa na ƙara ɓarna, ya tashi daga d6 zuwa d10, ƙarin maki biyu a kowane sara.