Rugugin kwamfutata da tsohuwar da ke ƙasan ɗakina

Wata takwas ina zaune a gidan nan na Hambug, a Jamus, ban taɓa samun saɓani da kowa ba, sai wata Talata da na dawo daga aiki na tarar an zuro takarda ta ƙarƙashin ƙofata. Rubutun hannu ne tsaf, irin na mutanen da. Tsohuwar da ke hawan da ke ƙasa da nawa ce ta rubuto. Ta ce mako biyar ke nan rabonta da barcin kirki, wani rugugi yana sauko mata ta rufin ɗaki tun daga wajen sha ɗayan dare har kusan asuba, tana roƙona in duba ko wane inji nake kunnawa. A ƙarshe ta tuna mini, cikin ladabi, cewa dokar gidan da na sa wa hannu ta ce daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne.

Jikina ya yi sanyi. Wane inji? Ba ni da injin wanki, ba na kunna kiɗa, in zan yi waya da gida da dare ma murya ƙasa-ƙasa nake yi. Abin da ya fara zuwa raina shi ne don ni baƙo ne, kuma baƙar fata. Allah Ya yafe mini wannan zato. Na sauka na ƙwanƙwasa mata. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi in koma in kunna duk abin da na saba kunnawa da dare, sannan in dawo. Na hau na kunna kwamfutata, na buɗe aikin bidiyon suna da nake haɗa wa wasu 'yan uwanmu na nan, na sauko. Ta tsayar da ni a bakin ƙofar ɗakin kwananta, ta ɗora yatsa a leɓe.

Wallahi na ji shi. Wani ƙugi ne mai nauyi, yana tashi yana lafawa, kamar an tsayar da tirela a bakin layi ba a kashe ta ba. Matar nan ta haura saba'in, ita kaɗai take zaune, kuma mako biyar ta yi tana haƙuri da wannan kafin ta ɗauki biro. Tun muna makarantar allo ake karanta mana cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya cutar da maƙwabcinsa, ga shi na zo ƙasar wasu na hana tsohuwa barci ban ma sani ba. Rabon da in ji kunya irin ta ranar har na manta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ni da ke zaune dab da kwamfutar ban taɓa jin ta dame ni ba. Kunnen da ya tashi cikin ƙarar janareta na gidan dama da na gidan hagu, da injin markaɗe, da lasifikar mai tallan magani, ina zai ɗauki fankar kwamfuta a bakin komai? A wurinmu in dai na'ura tana kawo wuta tana aiki, to lafiyarta ƙalau. Sai ranar da ta mutu murus ake cewa "ai kuwa kwana biyu tana wani irin kuka."

Washegari na kinkimi kwamfutar zuwa wani shagon gyara. A nan ne Jamus ta nuna mini ɗaya fuskarta. Saurayin da ke kan kanta ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce kuɗin dubawa kawai Yuro 49, ko an gyara ko ba a gyara ba, kuɗin aiki kuma da awa ake lissafawa, kuma sai bayan kwana goma za a waiwaye ta. Da na gaya masa shekarunta, ya ɗaga kafaɗa ya ce gara in sayi sabuwa. Na fito ina tuna yaran titin Beirut a Kano, waɗanda za su zare maka babban allon lantarkin cikin kwamfuta a tsaye, su narka dalma su canja abin da ya ƙone kafin ka gama shan ruwan leda, ku yi ciniki, har a yi maka ragi don an san yayanka. Hannu irin na masu gyaranmu ban gan shi a shago ko ɗaya a nan ba, kuma duk mai cewa komai na Turai ya fi namu bai taɓa kai kaya gyara a Turai ba.

Tsohuwar ce da kanta ta nuna mini mafita. Ta ce ranar Asabar ta farkon wata akwai zaman gyara a zauren unguwa, abin da suke kira Repair Café. Wata mata 'yar Holan, Martine Postma, ta fara shi a Amsitadam a 2009, yanzu ya bazu garuruwa da yawa. Masu sana'a ne, galibi waɗanda suka yi ritaya, suke zuwa da kayan aikinsu su taya mutane gyaran butar lantarki, keke, rediyo, har ɗinkin riga. Ba a biyan kowa. Akwai gwangwani a bakin ƙofa, ka jefa abin da ya sawwaƙa. Sharaɗin ɗaya ne, ba za ka ajiye kaya ka tafi ba, da kai za a yi.

Wanda na faɗa hannunsa wani dattijo ne da ya yi rayuwarsa yana gyaran lantarkin jiragen ruwa a tashar Hambug. Sama da awa biyu ya ba ni, kuma a rabin awar farko ko noti ɗaya bai kwance ba. Saurare kawai yake yi. Ya naɗe kwali kamar bututu, ya kafa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan yana yawo da shi cikin kwamfutar tana aiki, daga fankar baya zuwa ta kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, zuwa akwatin raba wuta, zuwa faifan ajiya. Sai ya miƙo mini ya ce in ji da kaina. Ya riƙa ɗora yatsa a tsakiyar kowace fanka na ƙiftawar ido, in ta tsaya mu ji wace ƙara ce ta ɗauke. Ashe abin da nake ɗauka ƙara ɗaya ce, ƙara huɗu ce, kowace da dalilinta.

Ta farko ƙura ce. Ƙarfen alminiyam ɗin da ke tsotse zafin furosesa ya toshe da ƙura har ta zama kamar bargo, iska ba ta ratsawa, fanka kuma tana ta gudu iya ƙarfinta don ta rama. Ta biyu, man da ake shafawa tsakanin furosesa da wannan ƙarfe ya bushe ya zama kamar alli. Ta uku, ƙaramar fankar baya mai faɗin milimita 80 boris ɗinta ya cinye, ita ce mai karkarwa. Amma wadda ta hana maƙwabciyata barci ita ce ta huɗu, kuma ita ce wadda ni ba na ji sosai. Faifan ajiya biyu ne a ciki, tsofaffi, masu juyawa sau 7,200 a minti, wato sau 120 a daƙiƙa guda, an ɗaure su da noti kai tsaye a jikin ƙarfe. Ni kuma na dasa kwamfutar a kan daɓen katako na tsohon gini. Girgizar tana bin ƙarfe ta shiga katako, rufin ɗakin tsohuwa ya zame mata fatar ganga. Da yake saurin faifan biyu bai zo daidai cif ba, shi ya sa ƙugin ke tashi yana lafawa.

Yadda ya yi aikin ma abin kallo ne. Ya zare waya daga bango, ya danna maɓallin kunnawa don sauran wutar ta fita. Da zai hura iska, sai ya sa ni riƙe fukafukan fankar, ya ce in aka bar iska mai ƙarfi tana wulwula ta fiye da ƙima, boris ne ke lalacewa. Na tuna sau nawa na ga ana sa wa kwamfuta bulowa a gida, fanka tana kuka ana murna ta fita fes. Ya goge tsohon man da sifirit, ya ɗiga sabo bai fi ƙwayar wake ba. Akwatin raba wuta kuwa ya hana ni ko kusantar notinsa, ya ce akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare waya, sun isa su illata mutum. Sannan ya shiga BIOS, wato shafin saitin tushe na kwamfuta, ya nuna mini inda ake gaya wa fanka ta tafi a hankali in babu zafi, ta ƙara gudu sai in aiki ya yi nauyi. Shekara da shekaru ina taɓa kwamfuta ban san da wannan shafin ba.

Ya rubuta mini abin da zan saya: fanka mai faɗin milimita 120, domin babba tana tura iska daidai da ƙarama ba tare da ta yi gudun ƙarama ba, da 'yan turakun roba da ake ɗaure fanka da su a maimakon noti, da ma'ajiyar SSD da za ta maye gurbin faifan nan biyu, wadda babu abin da ke juyawa a cikinta, da tabarmar roba irin wadda ake shimfiɗa wa injin wanki. Na ce masa, "Baba, nawa zan ba ka?" Ya nuna mini gwangwanin bakin ƙofa, ya juya ga wata yarinya da ta kawo fitilar tebur.

A wajen sayayya na ga abin da ya sa ni baƙin ciki da halinmu. Mutanen nan shiru kansa haja ne a wurinsu. Akwai kamfanin Jamus a Glinde, nan bayan garin Hambug, da sunan kayansa ma be quiet!, akwai Arctic, akwai Noctua na Ostiriya masu fanka ruwan ƙasa, waɗanda ke ba da garanti na shekara shida a kan fanka guda. A jikin yawancin kwalayen an rubuta yawan ƙarar da fankar za ta yi da ma'aunin desibel, kuma dattijon ya riga ya gaya mini cewa ragin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an raba ƙarar biyu. Fankar farko da na yi oda ta intanet mai fil uku ce a bakin wayarta, allon cikin kwamfutata kuma da mai fil huɗu ya fi iya sarrafa gudu. Kuskurena ne. Na mayar, aka dawo mini da kuɗina ba tare da an tambaye ni dalili ba, domin doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa, ban da shekara biyu da mai sayarwa ke ɗauke da alhakin aibin sabon kaya. Mu kuwa rasit ɗinmu da kansa yake shelar cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Fanka za a ciro daga matacciyar kwamfuta, a goge ta da tsumma, a rantse maka sabuwa ce dal. In ta fara kuka bayan sati biyu ka koma, a ce wutar gidanka ce.

Na kira ƙanena da ke da shagon buga takardu a Kano, na ce ya kusantar da waya jikin kwamfutarsa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai tun bara na cire murfin gefe, na juyo mata fankar tsaye." Na tambaye shi yaushe rabon da ya share cikinta. Ya ce tun da ya saye ta. Kwamfutar da ke ciyar da gidansa ke nan, ta sha hunturu uku a bakin titi. Ƙurar Hambug ta shekara ba ta kai ta Kano ta mako ɗaya cikin Janairu ba, zafinmu na Afrilu kuwa ya haura digiri 40, amma su ne ke sa wa kwamfuta matatar ƙura, mu kuma mu kwaɓe murfi. Wannan ba talauci ba ne, don yankin tsohon gidan sauro da ɗan salatif sun isa su tare ƙura a bakin fanka, burushin fenti kuma nawa yake? Sabo ne kawai, da kuma rashin mai ƙwanƙwasa ƙofa, domin maƙwabcin da zai yi ƙorafi shi ma janaretansa na ruri a ƙarƙashin tagarka. Faɗa na yi masa sosai, har ya ce tun da na je Turai na koyi mita.

Daren da na gama haɗa komai, na ɗaga kwamfutar daga daɓe na ɗora a kan tabarmar roba, na kunna, sai da na leƙa in tabbatar fankar tana juyawa. Na sauka wajen tsohuwa muka tsaya a bakin ƙofar nan tare. Babu komai. Ta riƙe hannuna da hannayenta biyu, washegari kuma na tarar da kek ɗin tufa a ƙofata.

Abin da ban zata ba shi ne nauyin shirun da ya biyo baya. Ashe rugugin nan shi ne ke taya ni zama. Yanzu in dare ya raba ina aiki, ba na jin komai sai numfashina da agogon bango. Babu mai shayi yana buga cokali a kofi, babu hon ɗin adaidaita sahu, babu ladanin da zai fara kiran assalatu wani ya karɓa daga unguwar gaba. Ranar Lahadi kantuna a rufe, titi kamar an yi shara. Jiya na sake kiran ƙanena don in gaya masa na ba wani mai tafiya gida fanka biyu da man furosesa ya kai masa, kuma in ya karɓa ya kira ni ta bidiyo mu ɗaura tare. Muka gama magana, ya ce zai kashe, ga kwastoma. A bayansa ina jin janareta, da wata mai talla, da kiran sallar La'asar daga masallacin layinmu. Na ce masa kada ya kashe, ya ajiye wayar a kan tebur ya ci gaba da aikinsa.